Kantar Ƙarfen Reijo

A Kajaani, in sanyi ya kankama,
dare kan shigo tun la'asar, ya nemi wuri ya zauna.
Ni kuwa matakala goma sha ɗaya nake sauka
zuwa ɗakin ƙasa, inda Reijo ya bar mini gado:
kantar ƙarfe baƙa wul, ta fi ni tsawo,
kwamfutoci biyar a jere cikinta kamar tiren burodi,
wayoyi shuɗɗa a ɗaure, kowace da sunanta
cikin rubutunsa mai karkata hagu.

Shekara tara ina yaƙi da ita.
Na ce tana shan wuta kamar gadon ubanta,
na ce gurnanin fankokinta yana bin katako har matashin kaina.
Ya ce, Sirkka, kasa kunne, numfashi ne.
Na ce, to mai numfashi ya biya haya.

Ranar da muka kai shi makwanci
ko takalmi ban cire ba, na sauka in zare filogi.
Hannuna na kan wayar
na ga 'yar takarda manne da salatif:
"Ba da wannan ake farawa ba. Fara da ta sama."
Mutumin nan ya san hali.
Na zauna kan bokitin fenti ina dariya
har dariyar ta canza suna.

Ban kashe ba.
Ashe muryar uwarsa na ciki, tana lissafa tafkunan ƙauyensu.
Lissafin kuɗin ƙungiyar masunta na ciki,
da hotunan ranar aurenmu, har wanda na ce a ƙone,
da kaurin ƙanƙarar tafki, safiya bayan safiya,
damuna da rani ba ruwansa, shi dai sanyi yake jira,
awon da ba wanda ya taɓa tambayarsa.

A watan Janairu wata 'yar fitila ta yi ja.
Cikin korayen nan duka, ita kaɗai,
kamar idon da ya kwana bai runtsa ba.
Na kira Onerva, 'yar maƙwabta, shekararta sha shida.
Ta zo da ƙanƙara a gashin gira,
ta durƙusa, ta leƙa, ta ce:
faifai ɗaya ya mutu, amma kwantar da hankali,
komai gida biyu ya raba shi,
abokin zamansa na riƙe da duka.
Sai dai kada a bar shi shi kaɗai ya daɗe.

Ban ce mata uffan ba.
Na je na ɗora ruwan kofi.

Sabon faifan yana cikin gwangwanin biskit,
ƙarƙashin kusoshi, da kwanan wata a jikinsa.
Ni na riƙe tocila, ita ta tura shi, ya ce ƙas.
Awa goma sha tara tsohon yana ba sabon labari.
Kalmar sirrin kuwa, da muka lalubo ta bayan kalanda,
ita ce baƙar maganar da na saba yaɓa wa kantar.
Onerva ta karanta, kunnuwanta suka yi ja.

Yanzu na iya share ƙurar raga ran Asabar.
Na san kukan batir in an ɗauke wuta,
na san wace fanka ce ke tari.
Safata ta ulu a bayanta nake shanyawa,
kyanwa ta mai da samanta gadon sarauta.
Takardar kuɗin wuta ta zo jiya.
Na duba, na ja tsaki irin na da,
na biya.

Da dare nakan bar ƙofar ɗakin ƙasa a buɗe,
ba sosai ba,
faɗin tafin hannu.